Kore a Waya, Rawaya a Gona

SHAFI NA 27

Masu turo min "har yanzu shiru?", na ga saƙonku, ban kuma yi fushi ba. Hannuna ne ba ya sauri a waya. Ga na yau.

*

A rumfar da muke tantance 'ya'yan itace Baba ya ce mu haɗu, ƙarfe takwas. Maganar gona ba ya yin ta a falo.

Yaya, babban wanmu, bai jira Umma ta gama gyara zama a kan kwandon da ta kifa ba. Ya jefa reshen lemo a kan teburin awo. Ganyen duk ya naɗe, ya yi rawaya, wasu suka zube kafin reshen ya tsaya.

"Ga aikinki nan, Injiniya."

Auta ba ta taɓa reshen ba. Jiya da yamma ta dawo daga asibiti, kwana goma sha uku tana jinyar 'yarta. Idonta ma bai gama komawa daidai ba.

"Na gani jiya, Yaya."

"Ke jiya kika gani. Ni kullum da shi nake karyawa. Itace ɗari uku da ashirin a sashe na uku, dashen shekara biyu, duk haka suke. Mako ɗaya na ba su, in ba a yi wani abu ba sai dai makamashi."

Baba ya ce, "Ƙishi ne?"

"Ba ƙishi ba ne, Baba. Duba."

Ta miƙa masa waya. Da'ira huɗu ne a fuskarta, ɗaya ga kowane sashe na gonar. Auta ce ta kawo mana tsarin. A kowane sashe akwai sanda guda da ta soke a gindin itace ɗaya, tana auna danshin ƙasa. In ƙasa ta bushe, da'irar ta yi ja, na'ura ta buɗe wa sashen ruwa da kanta, ya bi siraran tiyo yana ɗiga a gindin kowane itace. In ta ƙoshi, kore.

Duka huɗun kore ne.

Baba ya kalla, ya mayar mata.

"To kin ga ma wayarki tana bayana," in ji Yaya. "Ruwa ya ishe su. Yunwa ce. Shekara uku kenan ƙasar nan ba ta ga takin kirki ba, daga kashin kaji sai ruɓaɓɓen ganye. Ko ni aka ba wannan abincin sai na yi rawaya."

"Kai ai ko da me aka ciyar da kai ba ka canza launi," in ji Umma.

Babu wanda ya yi dariya sai ita.

"Ina da takin zamani buhu biyu a bayan mota," Yaya ya ci gaba. "Mai narkewa a ruwa. A sa musu yau, nan da kwana huɗu ku zo ku ga ganye."

"Saura kwana tara sufeton shaidar noma marar sinadari ya zo," Auta ta ce.

"Ya zo ya duba itacen girki?"

"Yaya, shekara uku saura kwana tara. Ba takin zamani, ba feshi, ba komai. Cokali ɗaya na abin nan ya shiga ƙasa, an goge, daga farko za a sake ƙirga mana. Wata shekara ukun."

"Takarda ce fa. Takardar shaida. Ita ake matsewa a sha?"

Umma ta gyara ɗankwali. Ita ke da ɗakin busar da mangwaro da gwaba, kuma ba ta son a taɓa maganar takardar nan da wasa.

"Kwalayena dubu biyu an buga su da gurbin tambari a buɗe. Masu shagunan nan uku cewa suka yi ranar da tambari ya hau, ranar za su ɗauka. Zumar matarka ma haka. Ƙwan kajin ubanka haka. Kowa a gidan nan a jikin takardar nan ya rataye rigarsa, har kai."

"Na sani, Umma. Amma itacen—"

"To ka yi a hankali da bakinka."

Yaya ya juyo kaina.

"Malama, ke ba za ki ce komai ba? Ko sai an ba ki alli?"

Ni ce ta biyu a gidan. Sai da na kai shekara arba'in na shiga ajin manya na koyi riƙe biro, shi ya sa yake ce min Malama. Littafin gona a hannuna yake. Duk abin da ya shiga ƙasar nan sai na rubuta shi, rana, lokaci, da wanda ya sa. Shi sufeto zai fara buɗewa.

Na ce, "Ina ji."

"Kullum kina ji."

Baba ya ɗauki ganye ɗaya ya murza, ya ruguje a yatsunsa kamar busasshen shayi. Ya daɗe yana kallon garin. Na lura tun da muka zauna bai haɗa ido da Auta ba.

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas da kwata," na ce.

"Auta, kina da zuwa sha biyu. Ki nemo abin da ke damunsu. In sha biyu ta buga ba ki gano ba, yayanki ya yi abin da ya ga dama da sashe na uku. Ba zan zuba ido su mutu ba."

"Baba, awa huɗu ko gwajin ganye—"

"Na gama."

Yaya ya ɗauki makullin motarsa.

"Allah ya ba da sa'a, Injiniya. In waya ta gaya miki, ki turo min saƙo."

*

Muka bi hanyar tsakiya ni da Auta, wadda ta wuce ta wajen akwatunan zuma. Tana tafe tana lissafo cututtuka da yatsu. Tsutsar jijiya. Ruɓewar saiwa. Gishiri a rijiya.

"Anti, kin san abin da ya fi ba ni haushi? Ina asibiti ina kallo. Kwana goma sha uku na'ura ba ta buɗe wa sashen nan ruwa ba, ni kuwa ina murna. Har na gaya wa nas ɗin da ke sa wa yarinyar ƙarin ruwa, na ce ciyawar da muka rufe gindin itatuwa da ita ta yi aiki, ƙasa ta daina shan ruwa kamar dā."

"Ba ta buɗe ba ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Ba ta buƙata. Jiya da na dawo na sa hannu a gindin mai sandar, sharkaf."

"Shi kaɗai kika taɓa?"

"Magariba ta yi. Kuma ai shi ne wakilinsu."

Muka ci gaba da tafiya.

Ta ciro ɗan jirginta mai kyamara daga jaka, ta ajiye a kan hanya, ta tashe shi. Kaji suka watse suna kuka. Ta ce in cuta ce, daga sama za a ga ta inda ta faro, don cuta gefe take kamawa ta yi ta ci.

Muka haɗa kai a kan waya. Sashe na uku ya fito, layi-layi, fari-fari kamar an yayyafa masa toka. Babu gefen da ya fi wani. Duk ɗaya.

Sai ɗigo guda a tsakiya. Kore shar.

"Wannan fa?" na ce.

Ta buɗa hoton da yatsu biyu.

"Layi na tara, itace na sha ɗaya."

Ta ƙara matso da hoton.

"Mai sandar ne."

Ba ta ko sauko da jirgin yadda ta saba ba, ta danna masa ya dawo da kansa, ta kama gudu. Ni ba na gudu. Ko da na isa ta riga ta durƙusa a gindin na kusa da shi, na sha biyu, ta yaye ciyawar rufi, ta tura hannu har wuyan hannu. Ta ɗebo. Ta buɗe tafin, iska ta kwashe.

Ta matsa na gaba. Haka. Ta tsallaka layi na goma. Haka.

Ta dawo gindin mai sandar ta danna da yatsa ɗaya, ruwa ya taso a gurbin.

"Tiyo ne ya fashe a nan," ta ce. "Dole. Yana yoyo a gindinsa."

"Tiyon da ba a buɗe masa ruwa ba?"

Ta ɗago ta kalle ni.

Na ce, "Nuna min zanen nan naki. Mai hawa da sauka."

Ta buɗe. Ni ban iya sunayen abubuwan ba, amma na iya kallon layi. Yana gangarowa a hankali tun hantsi har washegari, sai ya miƙe tsaye lokaci ɗaya kamar an ja shi da igiya. Ya sake gangarowa. Ya sake miƙewa. Kamar haƙoran zarto, guda goma sha uku.

"Taɓa kan wannan. Ƙarfe nawa?"

"Shida da minti goma."

"Na gaba?"

"Shida da sha biyu."

"Na gaba?"

"Shida da... Anti, wani ne yake zuba masa ruwa." Muryarta ta canza. "Yaya ne. Wallahi Yaya ne. So yake na'ura ta kunyata ni ya samu hanyar zuba takinsa. Bari in—"

"Zauna."

"Anti, ki bar ni!"

"Yayanki ya taɓa tashi ƙarfe shida in ba gobara ake ba?"

Ta tsaya.

Ɗakina yana jikin ƙofar baya. Kwanakin nan kullum in an idar da asuba ina jin ƙarar mariƙin bokiti, wanda aka ɗaure da waya, mai kuka in an ɗaga shi. Sai takun mutum mai jan ƙafar hagu kaɗan. Na ɗauka kaji ake kai wa ruwa. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa mai kai wa kaji ruwa yake yin minti arba'in ba.

Ban gaya mata duk wannan ba. Ba a buƙata. Ta bi inda idona yake kallo.

Baba ne tsaye a bakin layi na tara, hannunsa biyu a baya. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

*

Shi ya tako, ba mu muka je ba. Ya tsaya a kan ramin da Auta ta tona, ya sa ɗan yatsan ƙafa ya motsa ƙurar.

"Har ina ya bushe?"

"Har inda hannuna ya kai, Baba."

Ya gyaɗa kai.

"Tun da na murza ganyen nan a rumfa jikina ya ba ni."

"Baba, kai ne?"

"Bokiti biyu. Wata rana uku in an yi zafi."

Auta ta zauna daɓas a kan ciyawa.

"Don me?"

Baba ba ya son a ga yana neman magana. Ya ciro hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

"Washegarin da kuka tafi asibiti, na shiga rumfa da safe. Allon nan da kika liƙa a bango, na uku ya fara canza launi. Bai kai ja ba, amma ya kama hanya. Yayanki ya gani ya yi dariya, ya ce uwar ɗakinsa ta tafi, ya fara zazzaɓi."

"Sai kuma?"

"Kin tuna abin da kika ce mana a bakin mota? Kika ce, muddin kun ga kore, ku kwantar da hankalinku, ni ma ina gani daga can."

"Na faɗa."

"To. Na ce yarinyar nan tana zaune a gaban gadon 'yarta, an shiga da ita ɗakin tiyata, sai kuma ta ɗaga waya ta ga ja? Na ɗauki bokiti na zo na zuba wa ɗan rahoton naki. Kafin in koma rumfa ya yi kore. Na ce ashe abin da sauƙi."

Auta ta sa hannu biyu ta rufe fuska. Daga bayan hannun ta yi magana.

"Baba, ja ba laifi ba ne. Ja ne yake kiran ruwa. In bai yi ja ba, na'ura ba za ta buɗe wa kowa ba."

"Ba agogo ke buɗewa ba? Safe da yamma?"

"Dā kenan. Wata biyu da suka wuce na cire agogon na mayar da shi kan sanda. Na faɗa a rumfa."

"Kin faɗi abubuwa da yawa a rumfa."

"Amma injin rijiya, Baba. Ba ka lura bai—"

"Kullum ina jin kukansa."

"Tankin gida yake cikawa, da na kaji," na ce.

"To ni kuka nake ji. Ban bi shi na ga inda yake kaiwa ba." Ya kalli layin har ƙarshensa. "Na ɗauka sandar nan labari kawai take kai miki. Ban san ita ce mai rabon ba. Na ƙosar da mai rabo na bar jama'a."

"Shekara hamsin kana noman itace," Auta ta ce a hankali. "Ganyen nan ai ka san na ƙishi ne."

"Rana ta takwas na ce ƙishi ne. Na faɗa wa yayanki. Ya nuna min allo, kore. Na ce to, wataƙila idon tsoho ne." Ya yi ɗan murmushi marar daɗi. "Ni na yi koren da hannuna, kuma shi ya ƙaryata ni, na yarda."

Iska ta kaɗa, ganye suka yi ta zubowa a kafaɗunmu.

"Me ya sa ba ka faɗa ɗazu ba? Ka bar Yaya yana wanke ni a gaban Umma, ka kuma ba ni sha biyu!"

"Auta," na ce.

"A'a Anti, bar ni in tambaya!"

"Bar ta," in ji Baba. "Ban tabbata ba. Kuma na ji kunya. Biyun ne. Na ce in abin da nake zato ne, awa ɗaya ta ishe ki. Ga shi ko goma da rabi ba ta wuce da yawa ba."

"Wato har yabo zan karɓa."

"In kina so."

Ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki, ta share da bayan hannu, ƙasa ta shafe mata kumatu.

"Za su tashi?" ya ce.

"In sun sha yau, yawancinsu. Na gefen rana ban sani ba." Ta ɗauko waya, sai ta tsaya. "Baba. Sauran sanduna ukun fa?"

Ya sake taɓa hula.

"Tunda na riga na fito da bokiti."

"Innalillahi. Kullum?"

"Ɗaya-ɗaya. Ina wucewa ta kansu ne."

"Su ma kwana goma sha uku?"

"Ai su manya ne. Saiwarsu ta yi nisa. Kin ga ko gezau ba su yi ba."

"Ba su nuna ba dai."

Ta sunkuyar da kai kan waya, yatsanta yana ta aiki. Daga can wajen rijiya muka ji injin ya yi tari ya kama. Ba a jima ba tiyon da ke gabanmu ya motsa kamar maciji ya farka, ya kumbura, ya yi ɗan fito. Ɗigo na farko ya faɗa a ƙura ya dunƙule, ya ƙi shiga. Na biyu ya same shi. Sai ƙasa ta buɗe ta karɓa.

Na duba agogo na buɗe littafi. Goma da minti hamsin da biyu.

"Me kike rubutawa?" in ji Baba.

"Lokacin da aka buɗe ruwa."

"Ki rubuta dalili ma. Ki sa ni ne."

"Littafin ba ya tambayar laifi, Baba. Abin da ya shiga ƙasa kawai yake tambaya. Ruwan bokiti ruwa ne."

"Duk da haka ki sa."

Na sa.

Umma ta iso da lema, tana haki, don ta ji injin. Auta ta ba ta labarin a gajarce. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya ta auna Baba da ido daga hula zuwa takalmi.

"Shekara arba'in da shida ina roƙonka ka ɗauko min bokiti ɗaya daga famfo zuwa kicin, bayanka na ciwo. Ashe bayan ƙalau yake, sanda ce ba ni da ita."

"Ki bari mana a gaban yara."

"Waɗanne yara? Wannan mai furfura ko wannan mai 'ya?"

Muka tsaya mu huɗu muna kallon ruwa yana ɗiga. Ba wani abin kallo ba ne, amma babu wanda ya motsa. Da'irar duhu tana faɗaɗa a gindin kowane itace, layi bayan layi. Auta tana bi tana yaye ciyawa tana dubawa, tana kiran lambobi, ina rubutawa.

Baba ya durƙusa ya tara tafin hannu a ƙarƙashin tiyo, yadda ya saba yi a bakin kowane ruwa. Ya jiƙa fuska. Ya lashi leɓe.

Ya tofar.

Ya sake tarawa, ya kai hanci.

"Auta. Me kika haɗa a durom yau?"

"Ban haɗa komai ba. Ruwan takin kaji sai ranar Asabar."

"Wannan ba na kaji ba ne."

Kafin ta ba da amsa muka ji ihu daga hanyar tsakiya.

Yaya ne. A guje, takalmi ɗaya a ƙafa, da sandar motsa durom a hannu, jiƙe har rabi.

"Kashe! Kashe injin! Wa ya buɗe ruwa?"

"Yaya, mun gano! Ƙishi ne, ba yun—"

"Na ce ki kashe!"

Ta danna. Kukan injin ya sauka ya mutu. Tiyon ya ci gaba da ɗiga abin da ya rage a cikinsa.

Ya dafa gwiwa yana numfashi. Umma ta rufe lemarta a hankali.

"Yi magana," in ji Baba.

"Durom ɗin haɗi. Wanda ruwan gona ke bi ta cikinsa." "Na juye buhunan a ciki."

"Wane buhu?" Umma ta ce, ko da yake ta sani.

"Duka biyun. Don ya narke kafin sha biyu. Sai na tafi bakin ƙofa wajen mai ɗaukar ƙwai. Yanzu na dawo in motsa, na tarar ya sauka ƙasa da rabi."

"Sha biyu na ce!" Ban taɓa jin muryar Baba ta kai nan ba. "Sha biyu! Yanzu ƙarfe nawa?"

"Ban buɗe komai ba, Baba! Haɗawa kawai na yi! Abinta kore ne, na san ba zai tashi da kansa ba. Wa zai ce za ta buɗe da hannu?"

"Ka rufe famfon durom ɗin?" in ji Auta. Muryarta ba ta da hawa ko sauka.

Ya kalli sandar da ke hannunsa.

"Yaya. Ɗan famfon nan ja da ke gindinsa. Ka rufe?"

"Kullum a buɗe yake."

"Don kullum abin da ke ciki halal ne ga ƙasar nan."

Ya jefar da sandar.

"Malama, minti nawa?"

Na duba littafi, na duba agogo.

"Sha tara."

Wata kaza ta zo ta tsaya a gindin na sha biyu tana tsattsagar ƙasa mai danshi, Umma ta kore ta da lema.

Yaya ya share goshi. Na ga yana tattaro kansa, yadda yake yi in mota ta mutu masa a hanya.

"To. To, ku tsaya. Ba duka aka rasa ba. Sashen da abu ya taɓa, shi kaɗai ake mayarwa baya. Ko ba haka ba, Malama? Ke kika karanta mana dokar."

"Haka aka rubuta," na ce. "In an raba sassan, kuma littafi ya nuna."

"Kun ji. Sashe na uku ne kawai. Su dama yara ne, ba su fara 'ya'yan kirki ba, shekara uku ba za ta kashe su ba. Mangwaron Umma yana na ɗaya. Gwaba na biyu. Zuma da kaji suna na huɗu. Sufeto ya zo ya ba mu uku, mu jira ɗaya. Laifina ne, na ɗauka, ku rubuta sunana da jan biro. Amma uku suna nan."

Umma ta sauke ajiyar zuciya, ta dafa ƙirji.

"Alhamdulillahi. Kai dai Allah ya shirye ka. Na ɗauka kwalayena—"

Ta katse, don ta ga Baba ba ita yake kallo ba.

Auta yake kallo. Ta manna wayar a ƙirjinta da hannu biyu, fuskar wayar a ciki.

"Auta," ya ce a hankali. "Da na ce miki ina bi ta kan sauran sandunan..."

Ba ta ɗago ba.

"Sashe nawa kika buɗe?"

Ta juyo mana da wayar.

"Duka huɗun, Baba."